Daga Bakin Maciji Zuwa Kantin Magani

 

Kafin ki ci gaba da karatu, miƙa hannu ki ɗauko kwalin maganin hawan jinin da ke gidan, ko naki ne, ko na maigida, ko na Hajiya. Duba sunan da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙasan babban suna. Idan kin ga captopril, lisinopril, enalapril ko ramipril, wato duk wanda ya ƙare da "pril", to ki sani tushen maganin nan daga bakin maciji ya fito.

Kwantar da hankalinki, kada ki jefar. Babu ko ɗigon dafi a cikin ƙwayar, a masana'anta ake haɗa ta kamar yadda ake haɗa farasitamol. Dabara ce kawai aka samo daga macijin. Masu bincike sun lura da yadda dafinsa ke aiki a jikin mutum, suka kwaikwayi ɓangare ɗaya tak, suka bar sauran.

Dalili biyu ne suka sa na ɗauko wannan zance. Na farko, saƙonni sun yi yawa a WhatsApp masu cewa dafin kunama ko harbin ƙudan zuma na warkar da sankara, kuma hujjar masu turawa ita ce "ai Turawa ma da dafi suke yin magani". Na biyu, damina da kaka su ne lokacin da saran maciji ke yawaita a karkararmu. Gaskiya ne ana samo magani daga dafi. Sai dai tsakanin bakin maciji da kantin magani akwai tafiya ta shekaru, ta rarrabewa da tacewa da awo da gwaji. Wannan tafiyar ce ke raba abin da zai kashe da abin da zai warkar, kuma ba a yin ta a tsakar gida.

Me ke cikin dafi?

Dafi ba abu ɗaya ba ne. Ki ɗauke shi kamar yajin jego, wanda in kin baje shi za ki sami barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba da sauransu, kowanne da aikinsa. Haka dafin maciji yake, haɗi ne na sinadarai masu yawa, a wani macijin ma sun haura 100. Wani jini yake kamawa, wani jijiya, wani kuma nama yake ruɓarwa.

Maciji ba shi da hannu ba shi da ƙafa. In ya sari ɓera, dole ɓeran ya faɗi kafin ya yi nisa, in ba haka ba ya kwana da yunwa. Shi ya sa kowane sinadari a dafinsa yake da saiti, wuri ɗaya yake nufa a jiki, kuma ɗan kaɗan ya isa. Masu haɗa magani kuwa abin da suke nema ke nan dare da rana: abin da zai je wuri ɗaya ya yi aiki, bai taɓa sauran jiki ba.

Macizan da suka fi addabar mu ma kowanne da nasa salon. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da "gobe da nisa", jini take hana daskarewa. Kasa kan kumbura ƙafa ta ruɓar da nama. Gamsheƙa na tofi a ido, kuma saranta kan bar gyambo mai wuyar warkewa. Wasu cikin dangin kumurci kuwa jijiya suke kashewa, har mutum ya kasa ɗaga fatar ido, daga nan numfashi ya gagara.

Macijin Burazil da hawan jini

A ƙasar Burazil akwai wani maciji da ake kira jararaca, dangin su kububuwa ne na nesa. Cikin abubuwan da dafinsa ke yi akwai saukar da ƙarfin gudun jini farat ɗaya, har wanda aka sara ya yanke jiki ya faɗi. A 1965 wani matashin likita mai bincike, Sergio Ferreira, ya ware ɓangaren dafin da ke da hannu a wannan aiki.

Ga yadda abin yake. Kin san in kika matse bakin tiyo, ruwa kan fito da ƙarfi. Haka hanyoyin jini suke, in sun tsuke jini ya hau, in sun saki ya sauka. A jikinmu akwai wani sinadari mai aiki biyu: yana haɗa abin da ke tsuke hanyoyin jini, yana kuma lalata abin da ke buɗe su. Ɓangaren dafin nan shi yake zuwa ya ɗaure wa wannan sinadari hannu, sai hanyoyin su saki.

Ferreira ya tafi da abin da ya gano Landan, ɗakin binciken John Vane, daga can zancen ya kai ga kamfanin Squibb na Amurka. Gwajin farko ya sauke jini, amma bai yi amfani a gida ba, domin sai ta allura ake ba da shi, ga tsada, in kuma aka haɗiye shi ciki ya narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. Sai a 1975 wasu masana biyu, David Cushman da Miguel Ondetti, suka ƙera ɗan ƙaramin sinadari mai irin wannan aiki wanda ciki ba ya lalatawa. Shi ne captopril. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba sai a 1981. Ki lissafa, shekara 16 ke nan. Lisinopril da sauran duk bayansa suka biyo.

Tunda maganin na cikin gidajenmu, ga abubuwa huɗu da nake so ki riƙe.

Na ɗaya, tari. Wasu masu shan dangin "pril" kan yi busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, ba majina ba zazzaɓi. Sau da yawa a wurin aiki nakan ga dattijuwa ta shanye kwalaben maganin tari, an yi hoton ƙirji, an yi gwajin tarin fuka, ashe ƙwayar hawan jinin ce. Magani shi ne a koma wa likita ya canza, akwai dangin losartan da ba su cika sa tari ba. Kada dai a daina sha a zauna haka.

Na biyu, kumburin leɓe, harshe ko fuska. Ba ya yawan faruwa, amma ya fi samun baƙar fata, kuma yana iya toshe numfashi. In kin ga haka, asibiti nan take, kuma kada a ƙara shan ko ƙwaya ɗaya.

Na uku, kuma wannan naki ne kai tsaye: mai juna biyu ba ta shan dangin "pril", haka ma dangin losartan. Suna iya lalata ƙodar jariri, su rage ruwan da yake kwance a ciki. In kina shan ɗayansu kuma kina neman haihuwa, ki gaya wa likita tun kafin ciki ya shiga. In kuwa kin ga batan wata, ki je a cikin kwana ɗaya ko biyu a mayar da ke kan wanda ya dace, kamar methyldopa, nifedipine ko labetalol. Barin hawan jini ba magani lokacin goyon ciki shi ma haɗari ne, yana iya kai wa ga jijjiga.

Na huɗu, a jikin baƙar fata dangin "pril" su kaɗai ba su cika sauke jini yadda ake so ba. Shi ya sa za ki ga likita ya haɗa da amlodipine ko maganin sa fitsari. Ba son kashe miki kuɗi ba ne.

'Yar'uwar kububuwa

Kububuwarmu na da 'yar'uwa a Indiya da ƙasashen da ke kewaye. A dafin waccan aka sami wani sinadari da ke hana ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni mannewa da juna. A jikin wanda aka sara, wannan bala'i ne, domin jini zai yi ta zuba. Amma ki tuna mai bugun zuciya, wanda gudan jini ya toshe masa hanyar da ke shayar da zuciya. Shi hana mannewar nan yake bukata. Daga nan aka ƙera tirofiban, aka amince da shi a 1998. A shekarar kuma aka amince da eptifibatide, wanda aka kwaikwayo daga dafin wani ƙaramin maciji mai ƙararrawa a wutsiya da ke kudu maso gabashin Amurka. Dukkansu ta jijiya ake ba da su, a ɗakin masu ciwon zuciya, ana auna jini ana sa ido, domin in aka zarce kaɗan jinin zai ɓalle.

Akwai kuma inda ake amfani da dafin kansa, amma a cikin kwalbar gwaji, ba a jikin mutum ba. Wasu mata kan yi ta ɓari a jere, sau uku sau huɗu, har a fara zancen iska ko sammu. Cikin dalilan da ke jawo haka akwai wata matsala da ke sa jini yawan daskarewa a mabiyiya, sai abinci ya yanke wa ɗan tayi. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ake gano ta, da dafin wani macijin Indiya mai suna Russell ake yin sa. Ana ɗiga ɗan kaɗan a jinin da aka ɗiba, a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya daskare. In an tabbatar, akan ɗora mace kan ƙaramin asfirin da allurar heparin, kuma da yawa sukan riƙe cikin har su haihu lafiya. In kina da 'yar'uwa mai yawan ɓari, ki ba ta shawara ta ga likitan mata a babban asibiti. Kada ta fara shan asfirin da kanta.

Ƙadangare da dodon koɗi

Ba macizai kaɗai ba ne. A hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko akwai wani jibgegen ƙadangare mai dafi da ake kira Gila, wanda 'yan lokuta kaɗan yake cin abinci a shekara. A 1992 wani likita a New York, John Eng, ya gano wani sinadari a dafinsa mai kama da wanda hanjinmu ke fitarwa bayan cin abinci, wanda ke sa jiki ya saki insulin. Namu cikin minti biyu yake lalacewa, na ƙadangaren kuwa yakan yi sa'o'i yana aiki. A 2005 ya zama exenatide, allurar masu ciwon sukari.

Shi ya buɗe ƙofa ga dangin alluran da ake ta zancensu yanzu, irin su Ozempic, ko da yake ita daga sinadarin jikin mutum aka kwaikwayo ta. A nan ma sai na ja kunnenki. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama jabun wannan allura a kasuwa. Duk wadda ta tallata miki "allurar rage ƙiba" a Instagram, ba likita ba gwaji, ki bar mata abarta.

A tekun ƙasar Filifin kuma akwai wani dodon koɗi mai kyakkyawan gida, wanda ke harbin kifi ya sandare nan take. Binciken da Baldomero Olivera ya jagoranta a jami'ar Utah ya kai ga ziconotide, maganin matsanancin ciwo da aka amince da shi a 2004. Ƙarfinsa ya kai ba a sha, ba a kuma yi a jijiya. Sai dai a sa wata 'yar na'ura ta riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan cikin ruwan laka. Kin ga ko bayan ya zama magani, awo ne ke riƙe da shi.

Waɗanda suka faɗi a hanya

Magungunan da suka kammala wannan tafiya ba su da yawa, waɗanda suka faɗi a hanya sun fi su nesa ba kusa ba. Akwai ancrod, daga dafin wani macijin Maleshiya, wanda aka sa wa rai zai taimaki masu shanyewar ɓarin jiki. Da aka gwada shi a kan marasa lafiya masu yawa, sai aka ga bai amfane su ba, aka dakatar.

To, ina gaskiyar zancen ƙudan zuma? A 2020 masu bincike a birnin Perth na Ostireliya sun nuna cewa wani sinadari a dafin zuma na kashe ƙwayoyin sankarar mama. Amma a faranti na ɗakin gwaji aka yi, sai kuma a jikin ɓeraye. Abubuwa da yawa na kashe ƙwayar sankara a faranti, har ruwan bilic. Aikin shi ne a sami wanda zai kashe ta a jikin mace ya bar macen da rai. A 2018 likitoci a Sifaniya sun ba da rahoton wata mata 'yar shekara 55 da ta shafe kimanin shekara 2 ana sa mata ƙudan zuma suna harbinta da sunan magani. Rana ɗaya jikinta ya yi bore, numfashi ya sarƙe, ta rasu.

Kunama fa? Akwai wani sinadari a dafin wata kunamar hamada da ke mannewa a ƙarin ƙwaƙwalwa. Masu bincike a Amurka sun haɗa shi da wani rini mai haske don likitan tiyata ya ga iyakar ƙarin ya yanke daidai. Wato fitila ce ga mai aiki, ba maganin sha ba. Saboda haka in kin ji ƙullutu a mama, asibiti za ki tun yana ƙarami. Watannin da ake ɓatawa wajen gwada kwalaben intanet su ne watannin da aiki zai fi yin amfani.

Maganin da ya fi shafar mu

Cikin duk abin da aka samo daga dafi, wanda ya fi kusa da ƙofar gidanmu shi ne makarin dafin maciji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya saboda saran maciji, wasu kimanin 400,000 kuma su rasa gaɓa ko su nakasa. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Mafi yawan waɗanda abin ke samu manoma ne, makiyaya, mata masu itace da yara.

Da dafi ake yin makari. Ana tatsar macijin, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurar ɗan mitsitsi, ana ƙarawa a hankali tsawon watanni, har jinin dabbar ya haɗa garkuwa. Sai a ɗebi jinin, a tace garkuwar, a zuba a kwalba. Bafaranshe Albert Calmette ne ya fara wannan a wajejen 1894. Bayansa Vital Brazil, wanda ya jagoranci cibiyar Butantan da aka kafa a 1901, ya nuna cewa kowane dangin maciji da nasa makarin.

Wannan magana ta ƙarshe rai ce. An taɓa gani a wani asibitin karkara a Ghana, da makarin da suka saba ya yanke aka kawo wani da aka yi da dafin macizan Indiya, mace-mace suka tashi daga ƙasa da mutum 2 cikin 100 zuwa 12 cikin 100. Kububuwar Indiya 'yar'uwar tamu ce, amma dafinsu ba ɗaya ba ne.

Shi ya sa aka yi EchiTAb. An kwashi macizan Nijeriya aka kai Liverpool ta Ingila aka tatse su. Da dafin aka yi iri biyu: ɗaya a Wales da jinin tumaki, na kububuwa kaɗai, ɗaya a Kosta Rika da jinin dawaki, wanda ya haɗa kububuwa, kasa da gamsheƙa. An gwada su a kan mutum 400 a Kaltungo ta jihar Gombe, aka wallafa sakamakon a 2010. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero na cikin waɗanda suka daɗe suna wannan aiki. In ba makari, saran kububuwa kan kashe mutum 10 zuwa 20 cikin 100. In an sami makarin da ya dace a kan lokaci, adadin kan sauko ƙasa da 2. Bayan Kaltungo, akwai cibiyar Zamko a yankin Langtang na jihar Filato da ita ma ta yi suna a wannan fanni.

Abin da ke yaudarar mutane game da kububuwa shi ne wanda ta sara zai iya tashi ya yi tafiyarsa, har ya ci tuwo. A ciki kuwa dafin na cinye abubuwan da ke daskarar da jini har su ƙare. Bayan sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu sai jini ya fara fita ta dasashi, ta tsohon rauni, ta fitsari, wani lokaci ya zuba a ƙwaƙwalwa. Mai ciki kuwa jini kan ɓalle mata. Muna da gwaji mai sauƙi da David Warrell da abokan aikinsa suka bayyana tun shekarun 1970, lokacin yana aiki a Zariya: a ɗebi ɗan jini a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20, a karkata. In bai daskare ba, dafi ya shiga, makari ake bukata.

Za ki ce, ai akwai waɗanda aka kai wa mai maganin gargajiya suka warke. Haka ne. Dalili shi ne ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba komai ba. Irin waɗannan ko ba a yi musu komai ba za su tashi. Matsalar ita ce ido ba ya bambance su da wanda jininsa ya riga ya tsinke. Kwalbar nan ta minti 20 ce ke bambancewa.

In tsautsayi ya faɗa

Ki ajiye wannan a wayarki, ki tura wa 'yan'uwa na ƙauye.

1. A janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali. Kada a tsaya farautar macijin. In ana iya ɗaukar hotonsa daga nesa, to, in ba hali a bar shi.
2. A cire zobe, awarwaro, agogo, takalmi da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura.
3. A sa wa ƙafar ko hannun karan ɗori don kada ya motsa, ba tare da matsewa ba. A ɗauki mutum, kada ya taka da ƙafarsa.
4. Kada a ɗaure da igiya, roba ko ɗankwali. Ɗaurin nan ya jawo an yanke ƙafafu da yawa.
5. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a yi ƙaho, kada a manna baƙin dutse. Ga wanda jininsa ba ya daskarewa, tsaga ƙofa ce aka buɗe wa jini.
6. In ciwo ya yi tsanani a ba da farasitamol kaɗai. Ban da asfirin, ibuprofen da diclofenac, suna ƙara zubar jini.
7. In yana amai ko ya galabaita, a kwantar da shi ta gefen hagu.
8. In gamsheƙa ce ta yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a daɗe ana zubawa, sannan a tafi asibiti.
9. A nufi asibiti kai tsaye, ko da mutum ya ce lafiyarsa ƙalau. Addu'a a yi ta, a cikin mota.

Abu biyu da iyaye kan yi mana gardama a kansu. Yaro ba a rage masa makari, adadin babba ake ba shi, domin maciji bai rage dafin ba don ya ga yaro ne, ƙaramin jiki ma ya fi jin jiki. Mai ciki ita ma ana yi mata, hana ta shi ne haɗarin, gare ta da abin da ke cikinta. Makari kan sa wasu ƙaiƙayi, zazzaɓi ko sarƙewar numfashi, shi ya sa a asibiti kawai ake yin sa, muna tsaye da allurar gaggawa a kusa. Kada ki yarda a sayo a yi a gida.

Harbin kunama kuwa ga babba yawanci zafi ne kawai. Ga ƙaramin yaro, musamman a yankunan hamada irin su Agadas da arewacin Sudan, yana iya zama ajali. In kin ga yaro na gumi, amai, dalalar da miyau ko haki bayan harbi, kada ki jira.

Riga-kafi dai ya fi magani. Tocila a hannu duk wanda zai fita da dare, ko da bayan gida ne. Takalmi mai rufi ga masu zuwa gona. A kwana cikin gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, domin gamsheƙa kan shigo ɗaki da dare neman ɓera. A nisanta tarin itace, kara da buhunan hatsi daga ɗakin kwana. A hana yara zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse.

Aikin da zan ba ki a wannan mako guda biyu ne. Ki karanta sunan kowane maganin hawan jini da ke gidanki, in akwai mai ciki ko mai neman ciki da ke shan dangin "pril", ta ga likita. Sannan ki tambaya tun yanzu, wane asibiti ne mafi kusa da ku, ko da ƙauyenku, da ke ajiye makarin dafin maciji, kuma wane iri ne. Ranar da abin ya faru ba ranar tambaya ba ce.

Mai tambaya ta rubuto, zan amsa gwargwadon hali. Allah Ya tsare mu da zuri'armu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.